Haɗe layukan fifiko biyu: shin sai da tsibin Fibonachi?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, firojek ɗina manhaja ce ta rabon ruwan tanka cikin garin Sakkwato. Kowace mota tana da layinta na buƙatu, wanda ya fi gaggawa shi ake fara kai ma. In mota guda ta lalace, sai a haɗe layinta da na wata. Da heapq na Python nike aiki, kuma ban ga inda anka ba da hanyar haɗe layi biyu ba. Wani abokina ya ce tsibin Fibonachi shi ne gangaran, haɗewa a take. Shi zan rubuta, ko mi kuka gani?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya sa a gama lafiya. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma ban ba ka shawarar ka bi shi ba.

Buƙatu nawa ke cikin layin mota guda? Mu ɗauki watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kowa daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo yana neman ruwa. Mu ce ɗari uku a kowane layi, kuma na yi maka karamci. To a wannan adadin, ga maganinka cikin layi biyu:

```
a.extend(b)
heapq.heapify(a)
```

Ka zuba na biyu a bayan na farko, ka sake gyara tsibin gaba ɗaya; tsibi shi ne tsarin ajiyar da heapq ke amfani da shi, wanda kullum mafi gaggawa ke samansa. Robert Floyd ya nuna tun 1964 cewa in aka fara gyaran daga ƙasa zuwa sama, yawan gwaje-gwajen da za a yi bai kai ninki biyu na yawan abubuwan ba. Buƙatu 600 ke nan, gwaji ƙasa da 1,200. Kafin direba ya ɗauke yatsa daga waya an gama. Hattara da abu guda: akwai heapq.merge, kuma sunan yana yaudarar ɗalibai kullum. Shi jeri biyu da aka riga aka tsara daga ƙarami zuwa babba yake haɗewa. Tsibi kuwa ba tsararre ba ne har ƙarshe, na sama kaɗai ke da tabbas. In ka ba shi tsibi ba zai yi ƙorafi ba, zai ba ka amsa marar kyau ya yi shiru, wanda ya fi ƙorafin muni.

Da manhajar kaɗai ce damuwarka, da a nan zan tsaya. Amma za ka tsaya gaban malamai ranar kare firojek, kuma wani zai tambaye ka: in layukan suka kai miliyan fa? In kuma ana haɗewa sau dubbai a minti guda? Don haka bari mu shiga cikin maganar sosai.

Abin da ya hana tsibin heapq haɗuwa cikin sauƙi shi ne ainihin abin da ya ba shi gudu. J. W. J. Williams ya fito da shi a 1964, kuma dabarar ita ce bishiya ce da aka kwantar cikin jeri guda ba tare da manuni ko ɗaya ba, wato adireshin da wani abu ke riƙewa don nuna inda wani yake cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Wanda ke gurbi na i, 'ya'yansa suna gurbi na 2i+1 da 2i+2. Lissafi ne ke nuna dangantaka, shi ya sa ba a yarda da giɓi ba. Ka duba buhunan albasa da aka jera cikin rumfa har rufi: in kana son ka haɗa kayan rumfa biyu, babu wata dabara, sai leburori sun ɗauki buhu-buhu sun kai. Tsibi biyu masu miliyan-miliyan, dole ka taɓa aƙalla miliyan guda.

Akwai wata 'yar dabara da ke tsakani, wadda masu gasar rubuta manhaja suka san ta sarai: kullum ka kwashe ƙaramin ka zuba cikin babban, ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da aka ɗaga wata buƙata aka kai ta wani layi, layin da ta sauka ya kai aƙalla ninki biyu na wanda ta baro. Daga 1 zuwa miliyan kuwa ba a ninkawa fiye da sau 20. Saboda haka babu buƙatar da za a ɗaga fiye da sau 20 a duk zamanta. Ba ka rubuta sabon tsari ko ɗaya ba, kuma jimillar aikin ta sauko zuwa n sau log n sau log n, inda n yawan buƙatu ne, log n kuma sau nawa ake ninka 1 kafin a kai n. Sau da yawa wannan ya wadatar. Aibinsa dai, haɗewa guda tana iya yin tsada, in layukan biyu sun yi kusan kai ɗaya.

In kana son tsarin da aka gina shi don haɗewa tun asali, wanda nake so ka koya shi ne leftis, ni kuma a aji ina kiransa tsibin bahago. Clark Crane ya ƙirƙiro shi a 1972 a Jami'ar Stanford. A nan an bar jeri an koma ga bishiya ta gaske, kowace gaɓa da manuni biyu, hagu da dama. Dokar farko ita ce ta kowane tsibi: uba bai fi 'ya'yansa girman lamba ba, ƙaramar lamba kuwa ita ce mafi gaggawa, don haka mafi gaggawa yana can tushe. Doka ta biyu ita ce sabuwa. Kowace gaɓa tana riƙe da wata lamba da zan kira nisa, wato taki nawa za ka yi daga gare ta ka faɗa wurin da babu kowa, in ka bi hanya mafi kusa. Dokar ta ce nisan ɗan hagu kada ya gaza na ɗan dama. Nauyi duk ya tafi hagu, hanyar dama ta zama gajera.

Gajera kamar yaya? Gaɓar da nisanta ya kai r, dole a samu cikakkun hawa r a ƙarƙashinta, wato aƙalla gaɓoɓi 2 sau 2 har sau r, a cire 1. Nisa 10 na buƙatar gaɓoɓi 1,023. Nisa 20 na buƙatar 1,048,575. Ke nan tsibi mai abu dubu, hanyarsa ta dama ba ta wuce taki 9 ba, mai miliyan kuma 19. Haɗewa kuwa ta hanyar dama kaɗai take bi:

```
def hade(a, b):
    if a is None: return b
    if b is None: return a
    if b.lamba < a.lamba:
        a, b = b, a
    a.dama = hade(a.dama, b)
    if nisa(a.hagu) < nisa(a.dama):
        a.hagu, a.dama = a.dama, a.hagu
    a.nisa = nisa(a.dama) + 1
    return a
```

Nisan wurin da babu kowa sifili ne. Ɗauki biro mu gwada. Tsibi na farko: 2 a tushe, hagunsa 7 mai 'ya'ya 9 da 11, damansa 5. Na biyu: 3 a tushe, hagu 8, dama 6. Tsakanin 2 da 3, 2 ya ci, shi ne tushe. Saura a haɗa damansa, wato 5, da tsibin 3. A nan 3 ya ci. Saura a haɗa damansa 6 da 5. Sai 5 ya ci, damansa babu kowa, 6 ya zauna can. Yanzu ana komawa sama ana duba doka. A wurin 5, hagu sifili dama 1, doka ta karye, sai a juya 6 ya koma hagu. A wurin 3, hagu 1 dama 1, lafiya lau. A wurin 2, hagu 2 dama 2, lafiya lau. An gama. Ka lura da 7 da 9 da 11 da 8: ko motsa su ba a yi ba. Da a ƙarƙashin 7 akwai gaɓa dubu ɗari biyar, haka za su kwana ba su san an yi komai ba. Tsibi biyu masu miliyan-miliyan, taki 38 ne iyaka, inda heapify zai iya cin gwaji miliyan uku ko fiye.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan tsari shi ne da ka rubuta haɗewa ka gama komai. Saka sabuwar buƙata? Ka mai da ita tsibi mai gaɓa guda ka haɗe. Cire mafi gaggawa? Ka ɗauke tushe ka haɗe 'ya'yansa biyu. Aiki guda ne za ka tabbatar da ingancinsa, kuma kowane aiki log n ne ko da an shiga mafi munin hali, babu wani "a matsakaici".

Yana da ƙane, wanda Daniel Sleator da Robert Tarjan suka bayyana a 1986, ana ce masa sikiyu, karkatacce ke nan. Ya yar da lambar nisa gaba ɗaya, a kowace gaɓa da ya bi sai ya juya hagu da dama ba tambaya. Abin mamaki, in ka tara ayyuka da yawa ka raba, log n ne kowanne ya ci. Amma aiki guda yana iya bin doguwar hanya, kuma Python tana tsayar da aikin da ya kira kansa ya kai zurfin 1,000 in ba ka canja mata ba. In za ka rubuta shi a can, da madauki za ka yi. Shi ma bahagon yana da nasa tarko ta wannan fuskar: haɗewarsa ba ta zurfi, amma in ka saka lambobi daga babba zuwa ƙarami, hannun hagu zai zama sarƙa guda mai tsawon n. Ranar da ka rubuta aikin buga dukan bishiyar a allo ta hanyar kiran kai, a nan za ka ci karo da shi. Na ga ɗalibai sun kwana suna neman kuskure cikin haɗewa, alhali yana cikin aikin bugawa.

Bainomiyal, na Jean Vuillemin na 1978, tunaninsa daban ne, kuma in ka iya tara lambobi da ajiye ɗaya a kai ka iya shi. Tsibin ba bishiya guda ba ne, tarin bishiyoyi ne masu girman 1, 2, 4, 8, 16, kowane girma sau ɗaya tak. Mai abu 13 yana da ta 8 da ta 4 da ta 1, daidai da 1101 a lissafin binari. Mai abu 7 yana da ta 4 da ta 2 da ta 1. Haɗa su: ta 1 da ta 1 sun zama ta 2, ka riƙe a kai. Ta haɗu da ta 2 ɗin can, sun zama ta 4, ka riƙe. Yanzu ga ta 4 har uku, ka ajiye guda, biyu su zama ta 8. Ita da ta 8 ɗin can su zama ta 16. Sakamako ta 16 da ta 4, ashirin cif. Kowane haɗi gwaji guda ne, mai babbar lamba ya shiga ƙarƙashin mai ƙarama. Yana da kyau ƙwarai a allo. Rubuta shi ya fi na bahago tsawo, kuma a aikinka ban ga abin da zai ƙara maka ba, sai dai shi ne tsanin fahimtar na abokinka.

Michael Fredman da Tarjan suka fito da tsibin Fibonachi a 1984. Sun ɗauki bainomiyal suka koya masa cin bashi. Haɗewa? A ƙulla jerin tushen wannan da na wancan, a duba wa ya fi ƙanƙanta, shi ke nan. Sakawa? A rataye sabon cikin jerin tushe. Ba a gyara komai. Gaskiyar abokinka ke nan, a take ne. Amma bashi hanji ne, kuma ranar biya ita ce ranar da ka ce a ciro mafi gaggawa. A lokacin ne za a bi duk tushen da aka tara ana haɗa masu yawan 'ya'ya iri ɗaya. Ka saka miliyan a jere, cirewar farko sai ta bi miliyan ɗin. Lissafin da ake yi masa irin na asusu ne: kowane aiki mai arha ana ɗauka ya jefa kwabo, ranar aiki mai tsada a fasa a biya. A jimla lissafin daidai ne. Wanda ya danna waya a daidai ranar fasa asusu kuwa, shi zai jira.

Kuma ba don haɗewa aka yi shi ba. Abin da suke nema shi ne rage lambar wani abu da ke tsakiyar tsibi cikin arha, domin algoridim ɗin Dijkstra na 1959, mai nemo hanya mafi kusa, yana yawan yin haka. Dabararsu: a yanke gaɓar daga jikin ubanta a kai ta jerin tushe. Uban da ya rasa ɗa guda a yi masa alama, in ya rasa na biyu shi ma a yanke shi, haka har sama. Wannan doka ce ke sa gaɓa mai 'ya'ya k ta kasance ita da zuriyarta sun kai aƙalla lambar Fibonachi ta k+2 (jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta), daga nan sunan ya fito. Da shi Dijkstra ya sauko zuwa m a tara da n log n, inda m hanyoyi ne n kuma mahaɗu. Babbar nasara ce a takarda, ba na raina ta. Sai dai kowace gaɓa tana ɗauke da manuni huɗu, da ƙidayar 'ya'ya, da alama, kuma gaɓoɓin a warwatse suke cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Firosesa tana gudu ne in abin da take nema yana cikin 'yar ma'ajiyarta ta kusa, kash. Jeri irin na heapq yana zama can cikin sauƙi, bin manuni kuwa kamar aiken yaro ne Tsohuwar Kasuwa sau goma, kowane zuwa ya sayo abu guda. A taswirar tituna ma, inda mahaɗa ba ta cika wuce hanya uku ko huɗu ba, ragin da ake taƙama da shi bai da yawan da zai biya wannan wahala. Tarjan da kansa, tare da Daniel Larkin da Siddhartha Sen, sun auna tsibi iri-iri a kan na'ura ta gaske a 2014, suka ga lokacin da aiki ke ci yana tafiya ne da yawan lokutan da ba a samu abin da ake nema cikin kash ba, kuma masu sauƙin gini sun sha gaban na Fibonachi. A Python abin ya fi haka muni, don heapq da harshen C aka rubuta cikinsa, naka kuwa da Python zalla zai yi tafiya.

Wanda ya gaji arharsa ba tare da nauyinsa ba shi ne tsibin biyu-biyu, feyarin, na Fredman da Robert Sedgewick da Sleator da Tarjan, 1986. Haɗewa gwaji guda ne: wanda ya sha kaye ya zama ɗan farin wanda ya ci. Duk hikimar tana wurin cirewa. In ka ɗauke tushe, 'ya'yansa za su iya kai dubbai. Sai ka bi su daga hagu zuwa dama kana haɗa su biyu-biyu, sannan ka dawo daga dama zuwa hagu kana tattara su cikin guda. Kada ka yi wayon tsallake zagayen farko. In ka tattara su kai tsaye, kusan duka za su sake taruwa ƙarƙashin uba guda, cirewa ta gaba ta sake biyan kuɗin nan, ta gaba ma haka. Fredman ya tabbatar a 1999 cewa ragin lamba a wannan tsari ba zai kai arhar na Fibonachi ba, akwai log log n da ba ya kaucuwa. Ga abu miliyan, wannan bai kai 5 ba. Ni dai in ina aiki da C++ kuma ina buƙatar haɗewa da ragi tare, shi nake ɗauka, kuma ba na rubutawa da hannu: yana cikin tarin kayan aikin C++ na Boost, yana kuma cikin tarin pb_ds na GNU da sunan pairing_heap_tag, aikin haɗewar ana kiransa join. Akwai na Gerth Brodal na 1996, da wani da shi da George Lagogiannis da Tarjan suka yi a 2012, masu ba da arhar Fibonachi ba tare da bashi ba. Ka ambace su a babi na biyu na rahotonka, ka wuce.

Inda waɗannan tsare-tsare ke nuna kansu da gaske shi ne inda haɗewa take cikin zuciyar algoridim ɗin. Misali, kana son shimfiɗa bututu daga matattara guda zuwa kowace unguwa da mafi ƙarancin kuɗi, ruwa kuma gefe guda yake bi. Hanyar Chu da Liu ta 1965, wadda Jack Edmonds ma ya gano a 1967, tana dunƙule unguwannin da suka yi zobe su zama guda, kuma kowane dunƙulewa haɗe tsibin bututun da ke shiga cikinsu ne. Tarjan ya nuna a 1977 cewa da tsibi mai haɗuwa aikin yana saukowa zuwa m log n. A can ana iya haɗewa kusan sau n. Kai motarka sau nawa take lalacewa a mako?

Yanzu abubuwan da za su cije ka da gaske, ko wane tsibi ka zaɓa. In buƙatu biyu suka yi gaggawa iri ɗaya, wa za a fara kai wa? Tsibi bai san wanda ya riga zuwa ba. Ka sa lokacin da aka karɓi buƙata ya zama abin gwaji na biyu, kuma agogo guda ko ƙidaya guda ga dukan motoci. In kowace mota tana da ƙidayarta, ranar da aka haɗe, mai lamba 4 na wannan layin da ya kira da azahar zai shiga gaban mai lamba 30 na wancan da ya kira tun asuba, kuma kai za a zaga. Wannan ƙidayar kuma tana hana Python ƙoƙarin gwada buƙatun kansu, abin da ke jawo kuskuren TypeError in a kamus na Python, wato dict, ka ajiye su.

Sai wanda ya sake kira ya ce an yi rasuwa a gidan, mutane sun cika, a taimaka a gaggauta. Ragin lamba ke nan. A heapq ba ka neman tsohuwar shigarsa. Ka saka sabuwa da lambar gaggawa, ka yi wa tsohuwar alamar an soke, in ta fito sama ka yar. Sanin layin da yake ciki bayan an haɗe sau biyu ko uku kuwa wata matsala ce daban, tsibi ba ya amsa ta. Ko ka ajiye kamus kana sabuntawa, ko ka yi amfani da tsarin haɗa-da-nemo na Galler da Fischer na 1964.

Abin da ba ka tambaya ba: in makanike ya gyara motar da la'asar fa? Duk tsare-tsaren nan sun iya haɗawa, babu wanda ya iya rabawa. Da an gauraya, sai ka bi ɗaya-ɗaya ka tsince nata. Hujjar ninkawa ta zuba ƙarami cikin babba ma ta rushe in ana haɗewa ana rabawa. Don haka ka yi tunani ko haɗewar ma dole ce. Kana iya barin layukan biyu yadda suke, ka ce direban ya riƙa duba kan kowanne yana ɗaukar wanda ya fi gaggawa. Gwaji guda ne a kowace tafiya, kuma da mota ta tashi ka mayar mata da abinta.

Kuma buƙatun nan ba za su zauna cikin ƙwaƙwalwar na'ura kaɗai ba, don in wuta ta ɗauke ko saba ta sake tashi, layin ya tafi. Rumbun bayanai za su zauna, ko SQLite ko PostgreSQL, da fihirisa a kan mota da gaggawa da lokaci. A can haɗewa umarnin UPDATE guda ne mai canja lambar mota. Ka bar manhajar a haka. Sannan ka rubuta bahagon daban, layi talatin ya ishe ka, ka auna shi da heapify da zuba ƙarami cikin babba ta amfani da timeit, ma'aunin lokaci na Python, a girman 100, da 1,000, da 100,000, da miliyan. Ka auna haɗewa ita kaɗai, ka kuma auna cikakken aiki na sakawa da haɗewa da cirewa, don a na biyun za ka iya ganin heapq ya ci gaba da rinjaye har inda ba ka zata ba. Ka zana jadawalin ka sa a babi na huɗu, ka turo mini in gani kafin ka kai wa mai duba aikinka.